Notis ba shi ne tashi ba: haƙƙin Jifsi da Matafiya a zangunan Ingila

Takardar takan zo ne a cikin ambulan. Wani lokaci mai kula da zango, wato filin da aka keɓe wa masu zama a karafan (gidan da ake ja da mota), ya miƙa ta hannu da hannu, wani lokaci a cusa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin wanka da ke gefen fegi, wato rabon filin iyali a cikin zango. An rubuta a ciki cewa an ba mai fegin kwana 28 ya kwashe karafan ɗinsa ya bar wurin. Iyalai da dama daga ranar suke fara ɗaure kaya, suna buga wa dangi waya ko akwai inda za a raɓa. A nan ake tafka asarar da ba ta da dalili, domin a dokar Ingila wannan takarda ita kaɗai ba ta tayar da kowa daga zango mai izini. Sai alƙali ya ba da umarni. Wanda kuwa ya ja karafan ɗinsa ya fita da ƙafarsa, da wuya ya sake ganin fegin, don masu jiran layi sun fi fegin yawa nesa ba kusa ba.

Mutanen da ake magana a kansu kashi biyu ne manya. Akwai Jifsi, wato Romani, waɗanda kakanninsu suka shigo Birtaniya tun farkon ƙarni na 16. Akwai kuma Matafiyan Ayalan, masu asali daban da harshe daban. Kotu ta amince a 1988 cewa Jifsi ƙabila ce a idon doka, ta kuma faɗi haka game da Matafiyan Ayalan a 2000, shi ya sa dokar daidaito ta 2010 take kare su daga wariya. Ƙidayar 2021 ta samu wajen mutum dubu 70 daga cikinsu a Ingila da Wels, kuma kusan ɗaya cikin biyar ne kawai ke zaune a karafan, sauran suna gidajen bulo. Ƙungiyoyinsu sun daɗe suna cewa adadin ya fi haka, don da yawa ba sa son bayyana ƙabilarsu a takardar hukuma. Abin da zan faɗa a nan na Ingila ne. Wels tana da tata dokar ta 2013 mai kama da ta Ingila, Sukotlan kuma tsarinta daban.

Karafan a doka ya fi abin da ido ke zato faɗi. Duk wani ɗaki da aka yi don zama, wanda za a iya ja da mota ko a ɗora a kan babbar mota, karafan ne. Har wanda ake kawowa ɓari biyu a haɗa shi da kusoshi a wurin yana ciki, muddin bai wuce mita 20 a tsawo, mita 6.8 a faɗi, da mita 3.05 daga daɓe zuwa rufi ta ciki ba. Fegi kuwa shi ne rabon iyali a cikin zango: daɓen kankare, ɗan ginin bulo mai bayi da wurin wanka, wani lokaci da kicin, da sararin da zai ɗauki babban karafan na zama da ƙarami na tafiya. Karafan na mai shi ne, ƙasar ta wani ce, kuma ana biyan kuɗin fegi. Duk haƙƙin mutum ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: wace irin ƙasa ce tayoyinsa ke kai, kuma da wace yarjejeniya?

Yadda aka zo nan

Kafin 2011, mai zaune a zangon ƙaramar hukuma ba shi da wata kariyar kirki. Dokar gidajen tafi-da-gidanka ta 1983, wadda sunanta a Turance Mobile Homes Act, ta ba mazauna zangunan 'yan kasuwa tabbacin zama, amma da gangan ta cire zangunan Jifsi na ƙananan hukumomi. Hukuma ta ba da notis na mako huɗu, ta je kotu, alƙali ba shi da ikon tambayar dalili.

Shari'ar Connors ce ta karya wannan. Iyalin Connors ya shekara goma sha wani abu a zangon Cottingley Springs na birnin Leeds. Hukumar birnin ta zargi 'ya'yan gidan da baƙinsu da fitina, ta ba su notis. Da aka je kotu sai ta janye zargin, ta tsaya a kan cewa tunda notis ya ƙare, su masu kutse ne kawai, ba ta buƙatar kawo hujja. Aka tashe su a watan Agustan 2000. A watan Mayun 2004 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta ce Birtaniya ta keta sashe na 8 na yarjejeniyar Turai, wanda ke kare gida da rayuwar iyali, ta kuma ba da diyyar Yuro 14,000. Sai da aka ƙara shekara bakwai kafin gyaran ya kankama. An sa shi a wata dokar gidaje ta 2008, ya fara aiki a Ingila ranar 30 ga Afrilun 2011, a Wels kuma a 2013. Daga ranar, mai fegin dindindin a zangon hukuma ya shiga ƙarƙashin dokar 1983.

Na kawo wannan tarihi ne don har yau akwai tsofaffin takardun zama da aka sa wa hannu kafin 2011, masu cewa hukuma na iya soke izini da notis ɗin kwana 28. Wannan layi ya mutu. Sharuɗɗan da dokar ta shimfiɗa suna shiga kowace yarjejeniya da kansu, ko an rubuta su ko ba a rubuta ba, kuma sun danne duk abin da ya saɓa musu.

Dalilai uku, babu na huɗu

Yarjejeniyar fegin dindindin ba ta da ranar ƙarewa. Mai fegi na iya kawo ƙarshenta da kansa idan ya ba da notis a rubuce na mako huɗu. Mai zango kuwa sai ya je kotun gunduma, kuma sai da ɗaya daga dalilai uku.

Na farko shi ne saɓa sharaɗi, kuma shi ne kusan kullum ake amfani da shi. Bashin kuɗin fegi ko na ruwa da wuta, tara tsofaffin ƙarafa da yin sana'a a fegi inda aka hana, ƙona shara, ajiye doki ko karnuka ba izini, fitinar maƙwabta. Akwai kuma wanda ya fi kama mutanen kirki: ɗa ya yi aure ba shi da fegi, ko 'yar'uwa an tashe ta daga gefen titi, sai a ce su shigo da karafan ɗinsu su raɓa. Zumunci ne, amma a takarda saɓa sharaɗi ne, kuma hukuma takan kafa hujja da haɗarin gobara, don ƙa'idar da aka saba bi ita ce tazarar mita 6 tsakanin karafan ɗin iyalai daban-daban. Baƙon ba shi da kariyar komai, mai masaukinsa kuma ya jefa fegin nasa cikin haɗari. Gara a nemi izinin baƙunta a rubuce, da ranar zuwa da ranar tafiya.

Saɓa sharaɗi shi kaɗai bai isa ba. Dole mai zango ya fara ba da takardar gargaɗi mai cewa ga abin da aka saɓa, a gyara. Dole ya ba da lokacin da hankali zai ɗauka. Sai idan lokacin ya wuce ba a gyara ba ne zai iya zuwa kotu. A can ma sai alƙali ya gamsu cewa soke yarjejeniyar ya dace. Matakai huɗu ke nan: saɓawa, gargaɗi, rashin gyara, dacewa. Ɗaya ya faɗi, ƙarar ta faɗi.

Doka ba ta yanke adadin kwanakin gyara ba. Kwashe tarin ƙarfe na iya ɗaukar mako ɗaya ko biyu. Bashin da ya taru cikin shekara biyu ba za a ce a biya shi cikin kwana bakwai ba. Inda abin ya fi rikitarwa shi ne halayya, don yaya ake gyara faɗan da aka riga aka yi? Kotun Ƙoli ta duba wannan a 2014 a shari'ar Telchadder. Wani mazaunin zangon 'yan kasuwa a Essex ya tsorata wata maƙwabciya a 2006, aka ba shi takardar gargaɗi. Ya yi kusan shekara uku ba a ji kansa ba, sai a 2009 ya yi wa wani barazana, mai zango ya zaro tsohuwar takardar ya tafi kotu da ita. Kotun Ƙoli ta ce a'a: gyaran halayya shi ne mutum ya daina na tsawon lokacin da ya dace, kuma shekara uku ta wadatar, don haka takardar 2006 ta gama aikinta, sabon laifi sai sabon gargaɗi. Amma mafi rinjayen alƙalan sun ƙara da cewa akwai laifin da munin sa ya wuce gyara, irin wannan ba ya buƙatar gargaɗi. Kada wanda ya ji wa maƙwabcinsa mummunan rauni ya dogara da cewa ba a ba shi takarda ba.

A ganina takardar gargaɗin nan ita ce mafi muhimmanci a duk tafiyar, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ba ta da hatimin kotu, sai a ajiye ta a bayan agogo. Alhali a wannan matakin ne ake iya kashe maganar gaba ɗaya ba tare da lauya ba. A rubuta ranar da ta iso a jikin ambulan. A gyara abin da za a iya gyarawa, a ɗauki hoton fegin kafin da bayan gyara. A mayar da amsa a rubuce, ko da saƙon waya ne, a ce an gyara ranar kaza, a zo a duba. Idan zargin ƙarya ne, a faɗa a rubuce tun lokacin, don shiru a gaban alƙali kama da amincewa yake yi. Wanda karatu ke yi masa wuya, kuma suna da yawa a cikin manya, ya sa a rubuta wa hukuma cewa a riƙa kiransa a waya ko a karanta masa duk takardar da aka aiko. Wasiƙa ma ba kullum take isa fegin da aka nufa ba, a wasu zangunan a ofishin mai kula ake jibge su.

Game da bashi akwai wani tarko. Sau ɗaya a shekara ake sake duba kuɗin fegi, kuma sai da notis a rubuce na cikakkun kwana 28 kafin ranar. Ƙarin bai kamata ya wuce hauhawar farashi ba in babu wani dalili na musamman, kuma tun Yulin 2023 da CPI, ma'aunin hauhawar farashin kayan masarufi, ake lissafi. Idan mai fegi bai yarda da ƙarin ba, yana ci gaba da biyan tsohon kuɗin har tiribunal ɗin kadarori, wato kotu ta musamman mai duba irin waɗannan rigingimu, ta yanke, kuma ba a lissafa shi a matsayin mai bashi a kan bambancin. Kuskuren da ake yi shi ne a daina biya ɗungurungum don fushi, ko don famfo ya lalace an ƙi gyarawa. Wannan bashi ne na gaske, kuma shi ne makamin da aka miƙa wa mai zango. A biya tsohon kuɗin, a riƙa ajiye bambancin a gefe, don idan tiribunal ta amince da ƙarin za a biya shi tun daga ranar dubawa. Tallafin kuɗin gida na gwamnati yana biyan kuɗin fegi ga wanda ya cancanta, kuma bashi da yawa daga tsayawar tallafin yake farawa, ba daga ƙin biya ba. Takardar da ke nuna ranar da tallafin ya tsaya da ranar da aka nemi a maido shi hujja ce mai ƙarfi.

Dalili na biyu: fegin ya daina zama gidan mutum na asali. Wannan yana taɓa zuciyar rayuwar Matafiya, don da bazara ake fita neman aiki, a je bikin dawaki na Appleby a watan Yuni, a zauna wajen jinya ko makoki a wani gari. Tafiya ba barin gida ba ce. Yawancin yarjejeniyoyin hukuma suna faɗin makonnin da aka yarda mutum ya yi a waje, a duba wannan layin kafin a ɗaura mota. A sanar da mai kula a rubuce, a ci gaba da biyan kuɗin fegi, a bar babban karafan da kaya a wurin, yara su ci gaba da zama a rajistar makarantar unguwa, likitan iyali ma haka. Fegin da aka bari fayau wata shida ba labari, ga ciyawa ta fito ta tsagin kankare, shi ne ake ɗaukar hotonsa a kai kotu.

Dalili na uku shi ne lalacewar karafan har ya ɓata kyan zangon. Wannan hawa biyu ne. Tiribunal ce za ta fara tabbatar da lalacewar, kuma tana da ikon lissafa gyare-gyaren da za a yi, ta ba da lokaci, ta ɗage zama. Sai bayan haka mai zango zai je kotu. Tsufa kaɗai ba dalili ba ne.

Sauya wa mutum fegi a cikin zango ɗaya ba kora ba ce, amma shi ma da ƙa'ida: in ba gyaran gaggawa ba ne, sai tiribunal ta yarda cewa sabon fegin ya yi daidai da tsohon, kuma mai zango ne ke biyan kuɗin ƙaura. Idan mai fegi ya rasu, matarsa ko mijinta ko wani ɗan gidan da suke zaune tare lokacin rasuwar shi ke gadon yarjejeniyar. Ba a tashin gwauruwa don sunan mijinta ne a takarda.

Ranar kotu

Takardun ƙara suna zuwa da ranar zama da fom ɗin kare kai, wanda ake so a mayar cikin kwana 14. Ko an makara, a je kotun. Babban abin da ke kayar da mutane shi ne rashin zuwa, don alƙali ba zai auna abin da ba a gaya masa ba. A kotunan da ake sauraron ƙarar karɓe gida akwai lauyan da ke ba da taimako kyauta a ranar, a isa da wuri a tambayi ma'aikacin ƙofa.

Kalmar dacewa ita ce filin da ake fafatawa. Alƙali zai duba shekarun da iyali ya yi a wurin, yadda suka kasance tun bayan gargaɗi, tayin biyan bashi da kaɗan-kaɗan, yaran da ke makaranta, mara lafiyan da ke zuwa asibiti, da kuma tambayar da ta fi kowacce nauyi: in an tashe su, ina za su? Amsar gaskiya sau da yawa ita ce gefen titi, don tun da dokar hukunta laifuka da zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta soke wajibcin da dokar zangunan karafan ta 1968 ta ɗora wa ƙananan hukumomi na samar da zanguna, ginin sababbi ya ja baya ƙwarai. Wasiƙar shugaban makaranta, wasiƙar likita, da shaidar cewa babu fegi ko ɗaya a jerin jira na yankin sun fi dogon bayani amfani. Idan mai ƙara hukuma ce, ana iya ƙarawa da hujjar sashe na 8, cewa korar ta fi ƙarfin laifin. Idan naƙasa ko taɓin hankali na da hannu a halayyar da ake ƙorafi a kai, dokar daidaito ta shigo.

Ko an soke yarjejeniya, magana ba ta ƙare ba. Sashe na 4 na dokar zangunan karafan ta 1968 ya ba alƙali ikon dakatar da zartar da umarnin har wata 12, bisa sharuɗɗa kamar biyan kuɗin mako da wani abu a kan bashi, kuma ana iya komawa a nemi ƙari. A nan alƙali yakan tambayi ƙoƙarin da mutum ya yi na neman wani wuri, don haka a ajiye shaidar kowace buƙata da aka shigar. Idan lokaci ya cika, ma'aikatan kotu ne kawai ke zuwa tayarwa, da waranti, bayan notis na kwana 14. Har a wannan gaɓar ana iya cike fom N244 a roƙi a dakatar da warantin, wanda ba shi da hali kuma ya nemi a yafe masa kuɗin shigarwa. Amma a yi kafin ranar. Bayan an ja karafan an fitar, ƙofar da ta rage ƙarama ce ainun.

Inda kariyar ta yi sirara

Fegin 'yan wucewa, wanda ake bayarwa na ɗan lokaci da bai wuce wata uku ba, dabansa. Yarjejeniya na ƙarewa da ƙarewar wa'adi, kuma hukuma na iya yanke ta tun kafin nan da notis na mako huɗu ba tare da faɗin dalili ba. Duk da haka fitarwa da ƙarfi sai da umarnin kotu. A duba takarda da kyau a ga wane irin fegi aka rubuta, don akwai zangunan da ke haɗe da iri biyun.

A zangon mai zaman kansa, dokar 1983 tana aiki ne idan wurin na da izinin tsara gari na zama duk shekara. Zangon hutu, ko wanda ake rufewa wasu watanni, ba ya ciki, ko da mai shi ya ce da baki a zauna ba komai. Wurin da ba shi da izini sam, mazaunansa ba su da wannan kariya. Sannan zangunan iyalai da yawa izinin wucin gadi gare su na 'yan shekaru, yarjejeniyar fegi kuma ba ta wuce ranar da izinin zai ƙare. Ana iya ganin izinin kowane fili a rajistar ƙaramar hukuma, kuma ya kamata a gani kafin a sayi karafan mai tsada a kafa. Ya kamata kuma a ba mai shiga rubutaccen bayanin sharuɗɗa kwana 28 kafin a ƙulla yarjejeniya. In ba a bayar ba, mai zango ba zai iya tilasta sharuɗɗan da ya ƙara da kansa ba sai da izinin tiribunal.

Wanda kuma karafan ɗin ma haya yake yi, ba nasa ba ne, ya fita daga dokar 1983. Abin da ya rage masa shi ne dokar 1968: notis na aƙalla mako huɗu, umarnin kotu, da yiwuwar dakatarwa. Mai zango ba ya buƙatar kawo dalili.

Idan aka zo da ƙarfi

Yanke wuta ko ruwa don a gaji a tafi, toshe bakin fegi da tulin ƙasa ko kankare, canja makullin ƙarfen ƙofar zango a hana mutum shigo da karafan ɗinsa bayan ya dawo daga tafiya, barazana da dare, duk laifi ne a ƙarƙashin sashe na 3 na dokar 1968, kuma hukuncinsa na iya kai wa ɗaurin shekara biyu. 'Yan sanda sukan ce rikicin haya ne ba ruwansu. A ambata musu sashen da sunansa, a karɓi lambar rahoto. Ƙaramar hukuma ce ke da ikon gurfanarwa, abin da ke da ɗan ban dariya idan ita ce mai zangon. Hanya mafi sauri ita ce lauya ya nemi umarnin gaggawa daga kotun gunduma a maido da wuta ko a buɗe hanya, wanda ana iya samu cikin kwana ɗaya ko biyu, diyya ta biyo baya. A riƙa rubuta kowane abu da ranarsa da sa'arsa, a ɗauki hoton mita. Mai zango ma ba ya shiga fegi yadda ya ga dama: kawo wasiƙa da karanta mita tsakanin ƙarfe 9 na safe da 6 na yamma, gyaran gaggawa da gwargwadon sanarwar da ta samu, sauran dalilai kuma sai da notis na kwana 14 a rubuce. Cikin karafan kuwa ba shi da hurumi ko kaɗan.

Filinka da gefen titi

Waɗannan biyun wata duniya ce, zan taɓa su a gurguje. Iyalin da ya sayi fili ya kafa karafan ba izini ba mai kutse ba ne, amma hukuma na iya ba shi notis na tilasta bin dokar tsara gari ta 1990. Notis ɗin yana ɗauke da ranar da zai fara aiki, aƙalla kwana 28 bayan an miƙa shi, kuma dole ƙarar ɗaukaka ta isa hannun hukumar sufetocin tsara gari kafin wannan ranar. Kwana ɗaya aka makara, an rasa. Ɗaukaka ƙara na dakatar da notis har a yanke. In ya tabbata aka ƙi bi, laifi ne mai tara, kuma hukuma na iya shigowa da kanta ta kwashe, kamar yadda aka yi a Dale Farm ta Essex a Oktoban 2011.

A gefen titi ko filin wani, kwanaki ake lissafi, wani lokaci sa'o'i. Mai fili na iya samun zaman kotu bayan notis na kwana biyu kacal. Ƙaramar hukuma na da ikon ba da umarnin tashi a sashe na 77 da na 78 na dokar 1994, 'yan sanda na da nasu a sashe na 61. Tun 28 ga Yunin 2022 an ƙara sabon laifi na zama da mota a filin wani ba izini da ƙin tashi, mai hukuncin ɗaurin wata uku ko tarar fam 2,500, tare da ikon ƙwace motoci, wato gidan kansa. A Mayun 2024 Babbar Kotu ta ce tsawaita haramcin komawa wurin da aka tashi mutum daga wata uku zuwa wata 12 ya saɓa wa haƙƙin ɗan adam, saboda ƙarancin fegin 'yan wucewa. Abin da ya rage a hannun iyali shi ne binciken jin daɗi: kafin hukuma ta tashe su dole ta tambayi halin lafiya, ciki, da karatun yara. A faɗi komai a lokacin, a nemi a rubuta. A Leeds an gwada wani tsari na sasanci, inda ake yarda iyali su zauna na ƙayyadadden lokaci a ba su bayi da kwandon shara bisa sharuɗɗa, kuma babu laifi a tambayi kowace hukuma ko za ta yi haka.

Akwai wani sashe na dokar gidaje ta 1996 da mutane da yawa ba su sani ba. Wanda ke da karafan amma ba shi da inda doka ta yarda ya ajiye shi ya zauna a ciki, marar gida ne a idon doka, ko da karafan ɗin sabo ne fil. Kuma ba sai an tashe shi ba: idan akwai yiwuwar hakan cikin kwana 56, wajibi ne sashen gidaje na ƙaramar hukuma ya karɓi buƙatarsa ya fara aikin hana faruwar abin. Mai tsananin ƙyamar zaman gidan bulo saboda al'ada ya faɗa tun ranar farko, don kotuna sun ce sai hukuma ta yi la'akari da hakan da gaske ta nemi fegi, ko da yake in ta nema ta rasa tana iya ba da gida. Wanda ya tashi da kansa a kan notis ɗin da ba shi da ƙarfi, ko aka tashe shi kan bashin da yake da halin biya, ana iya cewa shi ya jawo wa kansa, taimakon ya ragu. Duk shawarar da hukuma ta yanke ana da kwana 21 a nemi a sake dubawa.

Taimakon lauya na gwamnati ya shafi wanda zai rasa gidansa, karafan ma gida ne a wannan lissafi, sai dai an cire wanda tun farko da kutse ya shiga, shi sai ta hanyar ƙalubalantar shawarar hukuma a Babbar Kotu. Ƙungiyar Friends, Families and Travellers da ke Brighton tana ba da shawara, haka Shelter da Citizens Advice, kuma lauyoyin Community Law Partnership a Birmingham suna da sashe na musamman kan shari'o'in Matafiya. Ba kowane lauyan gidaje ne ya san dokar 1983 ba, don haka a tambaya kai tsaye ko ya taɓa yin shari'ar fegi. Ranar ganawa a tafi da yarjejeniya, duk takardun da aka aiko tare da ambulan ɗinsu, rasit ko bayanan banki na kuɗin fegi, hotuna, da wayar da saƙonnin mai kula suke ciki.